MASARA MAI JURE FARI: ABIN DA ZA TA IYA DA ABIN DA BA ZA TA IYA BA

Ɗan'uwa manomi, tun shekarar 2024 duk ƙauyen da muka shiga sai an tare mu da tambaya ɗaya: "Malam, wai gaskiya ne an fito da masarar da ba ruwanta da ruwan sama?" Wasu kuma cewa suke yi sun ji in ka shuka ta sau ɗaya gonarka ta mutu ke nan. Duka maganganun biyu ba haka suke ba. Tun da kuɗinka za ka sa ka sayi irin, kuma abincin iyalinka na shekara ne za ka ɗora a kansa, ya kamata ka san ainihin abin tun kafin ruwan shuka ya sauka.

YADDA FARI KE CIN MASARA

Masara tana bukatar ruwa kamar milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, gwargwadon irinta da zafin wurin. Saiwa ke jawo ruwan daga ƙasa, ya hau kara, ya fita ta waɗansu ƙananan ƙofofi da ke jikin ganye, waɗanda ido ba ya gani. Ta waɗannan ƙofofi kuma take shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita. In ƙasa ta bushe sai ta rufe ƙofofin don kada ta ƙone. To, ta tsira da ruwan jikinta, amma ta daina haɗa abinci. Lokacin nan ne za ka ga ganye ya naɗe ya miƙe kamar na albasa. In da tsakar rana ya naɗe, da yamma ya buɗe, da sauran sauƙi. In kuwa ka je gona da sassafe ka tarar da shi a naɗe, to, masara tana cikin wahala sosai.

Amma ba kowane fari ne ke yin ɓarna ɗaya ba. Ƙaramar masara mai mako 2 ko 3 takan jure kwanaki ba ruwa, in aka yi ruwa ta farfaɗo kamar ba a yi kome ba. Wurin haɗarin shi ne lokacin fure, watau mako 2 kafin ta fid da gemu da mako 2 bayansa. Ka lura da wannan da kyau. Furen da ke bisa kai shi ne namiji, shi ke zubo bununi. Gemun da ke bakin goyo shi ne mace, kuma kowane silin gemu ɗaya ƙwayar masara ɗaya ce. In ruwa ya ɗauke a wannan lokaci, furen kai yakan fito a kan kari, amma gemu ya makara. Kafin gemu ya leƙo, bununi ya ƙare. Sai kara ya yi tsawo, goyo ya fito, ran girbi ka ɓare ka tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi ɗai-ɗai kamar bakin tsoho. Manoma da yawa a jihohin Taraba, Neja, Nasarawa, Kogi da Binuwai sun ga irin wannan a 2024, sa'ad da ruwa ya ɗauke musu makonni a tsakiyar damina. Dattawanmu kuwa ba su manta da 1973 da 1984 ba.

Saboda haka in an ce iri yana jure fari, abin da ake nufi shi ne gemunsa ba ya makara ƙwarai, saiwarsa tana nitsawa, kuma yana iya riƙe 'ya'yansa in ruwa ya yi tsaiko na ɗan lokaci. Ba a nufin zai yi ba ruwa. Har yanzu ba a yi wannan iri ba.

HANYA BIYU TA GYARA IRI

Kowane tsiro yana ɗauke da gadonsa a cikin ƙwayoyin halittarsa. Ka ɗauka kamar wani rubutu ne a cikin kowace ƙwayar iri, wanda ya ƙayyade tsawon kara, da launin ƙwaya, da kwanakin nuna.

Hanya ta fari kai ma ka san ta, don kakanninmu da ita suka yi aiki: a zaɓi zangarniya mai kyau a ajiye don iri. Masu bincike sun ɗora a kan wannan. Sukan shuka masara iri-iri da rani, su hana ta ruwa daidai lokacin fure, su ɗebi waɗanda suka yi 'ya'ya duk da haka, su haɗa su aure, su sake gwadawa shekara da shekaru. Da haka Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan suka fid da irin su SAMMAZ 27, mai saurin nuna da jure fari, da SAMMAZ 28 da SAMMAZ 29 waɗanda suka fi shi sauri. Waɗannan masara ce aka haɗa da masara, ba a sa musu kome daga waje ba.

Hanya ta biyu ita ce sabuwa, ita ce kuma ake ta gardama a kanta. A nan masana sukan ɗauko ƙwayar gado guda ɗaya daga wata halitta dabam, wadda ba ta aure da masara, su dasa ta cikin gadon masara a ɗakin bincike. Ga misali. Akwai wata ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, sunanta Bacillus subtilis. Tana da wani gado da ke taimakonta ta ci gaba da aiki in ta shiga matsi. Kamfanin Monsanto na Amurka, wanda yanzu ya koma hannun Bayer, ya dasa wannan gado cikin masara, aka sa mata lamba MON 87460. Gwamnatin Amurka ta yarda da ita a 2011, aka fara sayar da ita sosai a 2013. In ruwa ya yi ƙaranci, wannan masara takan rage girman ganye, ta rage shan ruwa, ta bar ɗan saura a ƙasa don lokacin 'ya'ya. A ƙasar Ajantina kuma wata masaniya, Dokta Raquel Chan, da abokan aikinta sun ɗauko wani gado daga furen nan mai bin rana suka sa a alkama da waken soya. Ana kiransa HB4, aikinsa shi ne ya hana ganye saurin tsufa in fari ya zo. Ajantina ta yarda da alkamar a 2020.

To, nawa ne amfanin? A nan ya kamata in faɗa maka gaskiya. Lissafin da aka gabatar a Amurka ya nuna ribar MON 87460 a fari matsakaici kamar kashi 6 ne cikin 100. Watau inda maƙwabcinka ya sami buhu 16 ko 17, kai ka ɗara shi da buhu ɗaya. Buhu ɗaya ba abin rainawa ba ne a shekarar yunwa, amma ba shi ne abin da ake yayatawa a kasuwa ba. A Afirka ta Kudu hukuma ta ƙi yarda da wata masara mai ɗauke da wannan gado a 2018, ta ce shaidar jure farin ba ta gamsar da ita ba. Dalili kuwa, jure fari ba aikin gado ɗaya ba ne. Saiwa na da hannu, ganye na da hannu, lokacin fure na da hannu, gado masu yawa ne suka taru. Shi ya sa har yau tsohuwar hanyar zaɓe da aure ba ta bar wa sabuwar fili ba a wannan fanni.

MASARAR TELA

Wadda ake magana a kanta a nan ƙasar ita ce TELA. Asalinta wani shiri ne da aka fara a 2008 don samar wa Afirka masara mai tattalin ruwa, ƙarƙashin gidauniyar AATF da ke Nairobi. A Nijeriya masanan Samaru ne suka yi aikin, Farfesa Rabi'u Adamu ya jagorance su. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don sa ido a kan irin waɗannan tsirrai, ta ba da izini a watan Oktoba 2021. A watan Janairu 2024 aka saki iri huɗu: SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T. Harafin T da ke ƙarshe shi ne alamar an dasa musu gado daga waje, kamar yadda yake a waken nan SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, mai kare kansa daga tsutsar fure.

An gina TELA a kan iyayen da aka zaɓo saboda jure fari. Amma a ganina babban ƙarfinta yana wajen tsutsa ne. Tana ɗauke da gado daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, wanda ke sa ganye ya yi wani sinadari da ke lalata cikin tsutsa in ta ci. Yana aiki a kan tsutsar kara, da kuma muguwar tsutsar nan da ta shigo mana a 2016, mai shiga tsakiyar masara ta huda ganye ta bar kashi kamar dusa. Kada ka ga kamar wannan bai shafi fari ba. Karan da tsutsa ta huda ba ya kai ruwa sama yadda ya kamata, kuma tsutsa ta fi ɓarna in ruwa ya ɗauke. Masarar da ta tsira daga tsutsa ta fi ƙarfin jiran ruwa. Ga kuma kuɗin feshi da ya ragu.

Za ka ji ana cewa tana ba da tan 10 a hekta. Wannan a gonar gwaji ne, inda taki ya cika, ruwa ya cika, ba ciyawa ko ɗaya. Abin da manoman ƙasar nan ke samu a tsakaice wajen tan 2 ne. Kada ka ci bashi da lissafin tan 10.

Ba ta maganin wuta-wuta. Ba ta maganin gara ko ƙwarin rumbu. Ba ta maye taki.

MAGANGANUN DA KE YAWO

"In ka ajiye irin ba zai tsiro ba." Zai tsiro. Amma TELA masara ce mai aure, kuma duk masara mai aure haka take, ko da gado daga waje ko babu: 'ya'yan da ka girbe in ka mai da su iri sai su rarrabu, wani dogo wani gajere, wani ya nuna da wuri wani ya makara, amfani ya ragu. Don haka kowace shekara sai ka sayi sabon iri. Wannan nauyi ne na gaske, ka sa shi cikin lissafinka. In ka san ba kowace shekara kake da kuɗin iri ba, to, ka riƙe mara aure irin su SAMMAZ 27, wanda za ka iya ɗiban iri daga gonarka har shekara 2 ko 3 kafin ka sabunta. Kuma ko ka koma TELA, kada ka yar da irin gidanku.

"Tana kashe gona." Masara kowace iri ce tana cin ƙasa, mai yawan amfani kuma ta fi ci. Gonar da ake shuka masara a kai a kai ba taki, ba juyi da wake ko gyaɗa ko waken soya, za ta gaji. Laifin ba na irin ba ne.

"Ba ta ciwuwa." Hukumar NBMA ta duba ta ta ba da izini. An fara noman masarar Bt a Amurka tun 1996, mutanen Afirka ta Kudu kuma, waɗanda farar masara ce tuwonsu kamar mu, sun fi shekara 20 suna cin ta. Duk da haka akwai waɗanda ransu bai kwanta ba, har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike a 2024. Ba wanda zai tilasta maka. In ba ka so, ga iri mara T nan da yawa. In kuwa ka shuka, ka gaya wa maƙwabcin gona, don iska na ɗaukar bununi. Wanda ke son ya ɗebi iri tsantsa daga masararsa, sai ya nisanta ta da kamar mita 200 daga kowace masara dabam.

SHIN TA DACE DA WURINKU?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, amma ita ce ba a cika yi mana ba. A ƙasashen masara kamar Saminaka, Funtuwa, Giwa, Tudun Wada da Biu, inda ruwan shekara ke kaiwa milimita 900 ko 1,000 ko fiye, damina na da tsawo, abin tsoro kawai tsaikon ruwa ne a tsakiya. Nan ne masara mai jure fari ke da amfani.

Can arewa kuwa, wajen Daura, Gumel, Nguru da tsallaken iyaka, inda ƙasa jigawa ce, damina kuma wata 3 ce ko ƙasa da haka, maganar dabam ce. Wata shekara na je duba gonar wani dattijo a wani ƙauye na can arewa. Ya ji a rediyo an ce ga masara mai jure fari, sai ya ɗauki gonar tudu wadda tun zamanin mahaifinsa gero ake sa mata, ya cika ta da masara mai aure. Ruwa ya ɗauke masa tun farkon Satumba, masara tana cikin fid da gemu. Maƙwabtansa sun riga sun fara yankan gero, shi kuwa kara ya kwasa ya ba dabbobi. Da na tambaye shi wa ya ba shi shawara, sai ya ce, "Ai ku ne malaman gona kuka ce tana jure fari." Ban sami abin ce masa ba, don mun faɗi rabin magana ne mun bar rabi. Sauran rabin ga shi: babu masarar da ta kai gero haƙuri a jigawa. Gero irin SOSAT yakan nuna cikin wata 3, ga dawa mai saurin nuna, ga wake. In kana can arewa kuma kana son masara, ka kai ta bayan gida inda taki yake, ko gefen fadama, ka kuma zaɓi mai saurin nuna.

IN KA YANKE SHAWARAR GWADAWA

Kada ka ba ta gona duka a shekarar fari. Ka ware kwata. Ka shuka ta gefe da gefe da irin da ka saba, rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Ran girbi ka sussuke kowace dabam, ka auna, ka cire kuɗin iri da na feshi. Abin da buhu ya faɗa maka shi za ka bi baɗi.

Ka sayi iri wurin dila sananne, cikin leda a rufe, mai ɗauke da sunan irin da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa. Masarar da aka shafa wa jan launi aka zuba a tiya a kasuwa ba iri ba ce, ko mai ita ya rantse. Ka ajiye ledar har girbi.

Kada ka yi gaggawar shuka da ruwan fari. Masara ba gero ba ce da za a yi mata binne. Ka jira ruwa ya zauna, ka tona ka ga laima ta kai tsawon tafin hannu. Hukumar NiMet takan fid da hasashen damina a farkon kowace shekara, ka tambayi malamin gona abin da aka ce game da ƙaramar hukumarku.

Tsakanin kunya da kunya santimita 75, watau ƙafa 2 da rabi. Tsakanin rami da rami santimita 25, watau inci 10, ƙwaya ɗaya a rami, zurfin kamar gaɓar yatsa 2. Kilo 20 na iri ya isa hekta ɗaya, watau eka 2 da rabi. Kada ka cunkusa, don in ruwa ya yi ƙaranci su za su kashe juna.

Taki: buhu 8 na NPK 15-15-15 a hekta cikin mako 2 na farko, sa'an nan buhu 2 da rabi zuwa 3 na yuriya a mako na 5 ko na 6. Ka tona ɗan rami gefen shuka ka zuba ka rufe. Kada ka sa yuriya a busasshiyar ƙasa, iska za ta sha kuɗinka. In abin da ke hannunka bai kai haka ba, gara ka rage faɗin gonar da ka yayyafa wa babbar gona ɗan kaɗan.

Ka bar wa tsutsa rabonta. Wannan zai yi maka kamar wasa, amma wajibi ne. A gefen TELA ka shuka 'yan layuka na masara mara T, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin leda. Cikin dubban tsutsotsi akan sami 'yan kaɗan da sinadarin ba ya kashewa. In gona duka TELA ce, su kaɗai za su rayu, su auri juna, su haifi masu taurin kai irinsu, cikin 'yan shekaru irin ya daina aiki ga kowa. In kuwa akwai masara mara T kusa, tsutsotsi na yau da kullum za su yi yawa, su gauraya da waɗancan, taurin ya tsarke. An ga haka a Afirka ta Kudu, inda a 2007 aka tabbatar tsutsar kara ta fara cin masarar Bt ta farko ba ta mutuwa, a wurin da manoma suka yi sakaci da wannan doka.

RUWAN DA YA SAUKA A GONARKA

Iri mafi kyau ba zai sha ruwan da ya gudu rafi ba. Ka je gonarka ana cikin ruwa ka ga inda yake bi. In gonar na da gangare, ka yi kunya a gicciye, kada ka bi gangaren. Ka ɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa kowane taki 2 ko 3, tsayin ɗaurin ya zama kamar rabin kunyar, don ruwa ya tsaya ya nitse, in ya yi yawa kuma ya tsallake ɗaurin ba tare da ya fasa kunya ba. A ƙasa mai laka, in ruwan Agusta ya yi yawa, ka fasa ɗaurin, don masara ba ta son kwanciyar ruwa.

Takin gida yana sa ƙasa ta riƙe laima kamar soso, abin da takin zamani ba ya yi. Ka kai shi gona tun da rani. Karan bara kuma kada ka ƙone shi. Abin da dabbobi suka bari ka shimfiɗa shi ya rufe ƙasa. Manoman wajen Tawa a Jamhuriyar Nijar sun rayar da fako da tassa, watau ƙananan ramuka da ake tonawa da rani a zuba taki a ciki, ruwa ya taru a nan, a shuka gero ko dawa. Wanda ke da gona mai tauri ya gwada ko layi 10 ne.

Sai ciyawa. Duk ciyawar da ke gonarka ruwan masararka take sha. Ka yi noman firi a mako na 2 ko na 3, maimai a mako na 5 ko na 6, ka yi huɗa bayan ka sa yuriya. In fari ya kama, kada ka shiga da garma kana juya ƙasa, sauran laimar za ka fitar, ka kuma yanke saiwa. Ka cire ciyawa da hannu ko ka kankare ta sama-sama da fartanya.

Mai rijiya ko injin ban-ruwa kusa da gona, in ruwan da zai iya bayarwa sau ɗaya ne ko sau biyu, ya ajiye shi sai furen kai ya fara leƙowa.

In kana da tambaya a kan irin da ya dace da ƙasarku, ko inda za ka sami na gaskiya, ka nemi malamin gona na yankinku tun watan Afrilu. In za ka zo, ka riƙo ledar irin da ka shuka bara, ka kuma tuna mana buhu nawa ka samu da ranar da ruwa ya ɗauke muku.